Kwanon da Bai Koma Yadda Ya Zo Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ɗanladi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina wanke-wanke. Ƙawata Debora ce ta shigo gidanmu a guje, ba sallama, ba takalmi a ƙafarta. Ta tsaya a kaina ta ce, "Hauwa, Malam ɗinmu ya tafi."

Malam ɗinmu ta ce. Ita Kirista ce, amma haka ta ce, kuma ba ta yi kuskure ba.

Da asuba ya cika a Lagdo, a gidan 'yarsa inda aka kai shi jinya.

Ni ban saba rubutu a nan ba. Wayar Innarmu ce ma a hannuna. Waɗanda suka san ni sun san ko a gida ba na iya haɗa magana a gaban baƙo. Karatuna kuma bai yi nisa ba, ban daɗe da gama firamare ba. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Amma yau in ban faɗa ba, ƙirjina ba zai bar ni ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne tsohon nan mai sayar da turare da carbi a unguwarmu ta Poumpoumré, wanda yake karantar da yara bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Yakan ce kakansa daga Kano ya zo Garoua da fataucin goro, ya ɗanɗani kifin Binuwai ya manta hanyar gida.

Hajiya Shiru yake kirana.

Ranar da aka fara kai ni karatu wurinsa, an ce in biya, na kasa buɗe baki. Yara suka yi ta dariya. Shi bai yi faɗa ba. Ya matso da kansa ya ce, "Kunnena na hagu ya mutu, na dama kuma na ba ki. Raɗa mini a ciki." Haka na yi ta karatuna, a cikin kunnensa, har na iya ɗaga murya da kaina.

Da sakamakon jarrabawarmu ya fito na ci, shi ya fi Babanmu murna. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu mai karanta mini takardar magani. Wannan Faransancin naku ya fi ƙarfin gemuna."

Amma ba don wannan nake rubutun nan ba. Akwai ranar da nake so ku sani.

Ina tsakiyar firamare su Debora suka zo unguwarmu. Daga kan duwatsu suka gudo, can bayan Mokolo, lokacin da masu bindigar nan suka shiga ƙauyensu suka cinna wuta. Suka kama ɗaki a gidan da ke kallon namu. Babanta, Baba Matiyu, ya samu aikin gini. Ni da ita muka haɗu a lekol, wato makarantar boko, aka zaunar da mu benci ɗaya. Ita ba ta magana saboda tsoro, ni ba na magana saboda kunya, sai muka dace.

Abin da ya fi ba ni tausayi, duk lokacin da aka kira salla sai jikinta ya ɗauki ɓari. Na daɗe ban gane ba. Daga baya ta gaya mini: da kabbara mutanen nan suka shiga garinsu. Kalmar da ni nake ji in ji sanyi a raina, ita in ta ji sai ta nemi wurin ɓuya.

Wata rana a hanyar lekol ta ce da ni, "Mamana ta ce mu bar garin nan, mu tafi kudu inda ba a kiran salla. Ta ce ba za ta iya zama a tsakiyar Musulmi ba. Baba ya ce ta dakata a yi Nowel, mu ba maƙwabta abinci mu ga yadda za su karɓa. In suka karɓa mu zauna, in suka ƙi mu tafi."

Nowel ita ce Kirsimeti, haka muke kiranta a nan.

Ni dai ban taɓa yin ƙawa ba sai ita. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa a karɓa.

To akwai abin da Baba Matiyu bai sani ba. Kiristocin da suka daɗe a cikin gari, in za su yi yankan Nowel, sukan kira Musulmi ya yanka musu, don maƙwabta su ci da kwanciyar hankali. Shi baƙo ne, ba wanda ya gaya masa. A can dutse kowa shi yake yanka dabbarsa. Ya kayar da akuyarsa a bayan gida ya yanka da kansa. Maman Debora ta dafa, ta zuba a kwanoni, aka rarraba gida-gida.

Namu shuɗin kwano ne, murfinsa ya ɗan ɓantare a gefe.

Babanmu yana kasuwar Guider ranar. Babban yayana, Ya Bashir, mai haya da moto, wato babur, shi ya ɗaga murfin.

Ya ce, "Wa ya yanka?"

Inna ta ce, "Ina zan sani?"

"To ni na sani, da idona na gani. Yankan arne ne. Hauwa, ɗauki ki mayar musu."

"Bashir, maƙwabta ne fa."

"Inna, mushe kike so mu ci?"

Sai ya miƙo mini kwanon.

Kun san al'adarmu. Kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam. Ko sukari, ko sabulu, ko 'yar gyaɗa, sai an sa wani abu a ciki. Amma ka mayar da shi da abin da aka kawo maka, ko taɓawa ba ka yi ba, wannan ya fi zagi. Ce wa mutum ka yi ba ka ƙaunarsa.

Na fito da kwanon yana ƙona mini hannu. Daga ƙofarmu zuwa tasu ba nisa, amma ranar ji na yi kamar Binuwai zan tsallake. Na hango Maman Debora zaune a bakin ƙofa, ga kwanoni a jere a gabanta, duk waɗanda aka dawo da su. Debora tana tsaye a bayanta da sabuwar rigarta ta Nowel, tana kallon hannuna.

Sai na ji murya daga gindin darbejiya.

"Hajiya Shiru! Me kike ɗauke da shi yake ƙamshi haka, kike neman wuce ni?"

Malam ne, yana zaune da dattawan unguwa. Na je na durƙusa. Magana ta ƙi fita, sai hawaye. Ya miƙo kunnensa na dama yadda ya saba. Na raɗa masa, "An ce in mayar."

Ya ɗaga murfin ya leƙa. Ya dubi ƙofar su Debora, ya ga kwanonin nan. Ya dubi tamu, ya ga Ya Bashir a tsaye. Shi ke nan ya gane komai.

Ya ɗaga murya ya ce, "Matiyu! Zo mana, maƙwabci."

Baba Matiyu ya taho a hankali, hularsa a hannu.

"Kai ka yanka akuyar nan?"

"Ni ne, Malam."

"Da ka ɗora wuƙa, me ka ce?"

"Na kira sunan Allah, na gode masa da ya fito da mu da rai."

Wani dattijo a wurin, Alhaji Buba, ya ce, "Wane Allahn?"

Baba Matiyu ya dube shi da mamaki na gaske, ya ce, "Alhaji, ashe akwai wani?"

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda duk layin zai ji, ya ɗauki tsoka ya kai baki. Ya tauna, ya tauna, ya ce, "Matiyu, daɗi kam akwai, amma akuyar nan ta girme ni."

Ya Bashir ya ƙaraso da sauri. "Malam, yankan arne ne fa!"

Malam ya ce, "Ɗana, tofar da wannan kalmar, ba ta dace da bakin mai salla ba. Wannan mutum ma'abocin Littafi ne, mutanen Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Allah da ya halicce ka ya halatta maka abincinsu. Ko ka fi Shi tsantseni ne?"

"Amma Malam, na ji wasu malamai sun ce…"

"Na sani, an yi maganganu. In zuciyarka ba ta kwanta ba kada ka ci, ba mai tilasta maka. Amma ko dutse mutum yake bauta wa, in dai maƙwabcinka ne, haƙƙinsa yana wuyanka. Ka karɓa da hannu biyu, ka ce an gode, ka ba wanda zai ci, ka sa wani abu a kwanon. Wa ya karantar da kai a mayar wa maƙwabci kwanonsa yadda ya zo?"



Sai Malam ya sassauta murya. Wannan maganar ko zan manta sunana ba zan manta ta ba. Ya ce, "Mutanen nan da sunan addininmu aka ƙona musu gida. Ƙarya aka yi wa Allah. In mu ma muka mayar musu da kwano, mun sa hannu a ƙaryar ke nan."

Malam ya juya ga Baba Matiyu.

Ya ce, "Matiyu, sauran kwanonin can ma a kawo su nan, yau majalisa ta samu."

Aka kwaso su. Alhaji Buba ya gane na gidansa a ciki, ya sosa ƙeya ya ce, "Ni fa ba ni na mayar ba, matan gida ne."

Malam ya ce, "Kullum matan gida! To wanke hannu ka fanshe su."

Suka ci tas. Ni ma ya ɗiba mini.

Da shuɗin kwanon ya zama wayam, Malam ya sa na ɗauraye shi. Ya zuba dabino a ciki, ya ɗora 'yar kwalbar turare daga cikin na sayarwarsa, ya rufe. Ya ce, "Yanzu kai mata. Ki ce gidan su Hauwa sun gode."

Gidanmu ya ce, ba gidansa ba. Ya rufa mana asiri.

Na kai. Maman Debora ta buɗe, ta daɗe tana kallon dabinon. Ta ɗauki turaren ta shinshina. Ta ce "Useko," wato an gode da Fulatanci, sai ta rufe fuskarta da gefen zaninta. Debora ta matse hannuna har ya yi zafi.

Ba su tafi kudu ba. Har yau suna nan.

Tsoron kiran sallar ma Malam ne ya cire wa Debora. Ya lura tana toshe kunne. Wata la'asar ya kira mu ni da ita, ya nuna mata ladanin masallacinmu, wani tsoho siriri mai haƙori ɗaya a gaba, yana zaune yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Debora, kin ga mai ihun nan da kike tsoro. Ko kaza ba ya iya kamawa. Cewa yake yi Allah ya fi kowa girma, har da masu bindiga." Ladan ya cika mata hannu da gyaɗa. Ba rana ɗaya ta daina ɓarin ba, amma ta daina. Yanzu ita ce take ce mini, "Hauwa, an kira, tashi ki yi sallarki, zan duba miki tukunya."

Da wata Nowel ɗin ta zagayo, Baba Matiyu ya zo da kansa ya ce Malam ya yanka masa. Malam ya ce, "Ai ni na ci naka." Ya ce, "Kai ka ci, Malam, amma ina so kowa ya ci." Daga nan duk shekara sai Malam ya wasa wuƙarsa ya bi gidajen Kiristocin layinmu, har da na layin baya. Samari suka sa masa suna Limamin Nowel don su ba shi haushi. Da ya ji, sai ya ce, "Sun makara. Tun ranar suna aka ce Ɗanladi."

Kada wani ya ɗauka wasa yake da addininsa. Ban taɓa ganin mai riƙo kamarsa ba. Bai taɓa shiga ibadarsu ba, su ma ba su taɓa nema ba. In salla ta same shi a gidan su Debora, akwai tabarmar da Mamanta ta ajiye dominsa kaɗai, ba mai taka ta. Wani ya taɓa tambayarsa, "Malam, duk zaman nan da kuke yi da Matiyu, yaushe za ka musuluntar da shi?" Ya ce, "Bari in gama da kaina tukuna. Shiriya ta Allah ce, ba a tura ta da ƙarfi. Ni nawa in zama maƙwabcin kirki, in ya tambaye ni in amsa."

Ya Bashir kuwa bai taɓa ci ba. Ko bayan da Malam ya fara yankawa, in an kawo sai ya ce ya ƙoshi. Bai ƙara cewa a mayar ba, amma bai taɓa sa hannu a shuɗin kwanon nan ba. Gaisuwarsa da Baba Matiyu ma daga nesa ce.

Ganina na ƙarshe da Malam, ranar da za a tafi da shi Lagdo ne. Yana zaune a kan tabarma a zaure ana jiran mota, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Hajiya Shiru, matso, yau ni ne muryata ba ta fita."

Sai ni na miƙa masa kunnena.

Ya zaro wani abu naɗe a tsumma daga ƙarƙashin matashi. Wuƙar yankansa ce. Ya ce, "Kai wa Bashir. Kada ki ce masa komai. Ai wannan kin iya."

Na yi dariya, hawaye yana zuba.

Ya ce, "Ki daina jin haushin ƙaramar muryarki. Hannunki ya ɗauki kwano, ya isa."

Na kai wa Ya Bashir. Ya warware tsumman, ya dubi wuƙar, ya ce, "Ni ya ce ki ba?" Na ɗaga kai. Ya nannaɗe ta ya jefa cikin akwatinsa.

Tun daga ranar nake cikin fargaba. Nowel ta kusa. Debora ta tambaye ni wa zai yanka musu bana. Tsorona kada a ce Malam ne kaɗai yake riƙe da layin nan, in ya kau kwanoni su koma jeruwa a ƙofar su Debora.

To ga abin da na gani da safen nan.

Bayan Debora ta kawo labarin, gidanmu ya cika da kuka, ba wanda ya tuna da hura wuta. Can sai ga Mamanta ta shigo da shuɗin kwanon nan, ta damo kunun gyaɗa. Ta ajiye a gaban Inna ta ce, "Ku sa wani abu a cikinku, ranar tana da tsawo."

Ya Bashir ya fito daga ɗaki idonsa jawur, makullin moto a hannunsa, zai tafi Lagdo jana'iza. Ya zo zai wuce, sai ya tsaya. Ya dubi kwanon. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗaga shi da hannu biyu ya sha. Ya miƙa wa Inna. Da muka shanye ya laluba aljihunsa, bai samu komai ba sai goro guda. Ya sa a ciki ya rufe, ya miƙa wa Maman Debora da kansa. Ya ce, "Mama, an gode."

Ya juyo ya gan ni. Ya ce, "Ke kuma me kike kallo? Ki nemo mini dutsen wasa wuƙa kafin in dawo."

Na bi shi har ƙofa. Baba Matiyu yana tsaye a gindin darbejiya shi kaɗai, hularsa a hannu, yana kallon inda Malam yake zama. Ya Bashir ya tayar da moto ya tsaya a gabansa.

"Baba, hau mu tafi, kada a kai shi ba mu."

Yanzu haka suna hanya.

Ni yarinya ce, ban san littattafai da yawa ba. Amma in wani ya tambaye ni me Musulunci ya ce game da wanda ba Musulmi ba, ba zan yi in'ina ba. Na gani da idona, a gindin darbejiya, a hannun tsoho mai sayar da turare. Ina alfahari da addinina, ina alfahari ni ɗalibarsa ce.

Ya Allah, ga bawanka Ɗanladi ya zo maka. Bai taɓa mayar da kwanon kowa ba, kada Ka mayar masa da nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka haɗa shi da Annabin rahama, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, da mu 'yan layinsa baki ɗaya.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce, ko a zuci ne. Ni shaida ce, raɗa ma ana ji.

Amin.